Hira a Bayan Keken Ɗinki

Zuwa ga 'yata Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga kai. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar nan da take tuna mini da kanta kowace safiya. Kin ce in riƙa rubuto miki tunda waya ta ƙi mu, ke kina ɗaga murya daga can, ni ina ta "me kika ce?" daga nan. To ga shi na ture ɗinkin mutane gefe na zauna.

Maigidana yana nan lafiya ƙalau. Na san ba za ki tambaya kai tsaye ba, sai ki zagaya ki ce "ya mutanen gida", kamar gidan nan akwai wasu mutane bayan ni da shi. Ɗan fari dai ɗan fari ne, na gane. Ya yi ƙiba, wandon da kika kawo shi da shi ya ɗage har na ƙara masa baki. Yana cin abinci kamar mai shirin tafiya, shayi kuwa sai na ɓoye gwangwanin madara. Na zuba masa ƙyallaye a kwali a bayan kujerata, nan ne ofishinsa. Da safe in na hau keke shi ma ya hau kwali, sai azahar mu tashi tare.

Ban taɓa ganin miji mai sauƙin zama irin wannan ba. Marigayi kansa, Allah ya jiƙansa, ya fi shi fitina. Shiru-shiru ne, tun da kika ajiye shi bai ce mini uffan ba. In yana son abu sai ya zo ya ja mini zani, ya kama haɓata ya juyo da fuskata, ya nuna. Ruwa akwai yadda yake yi da hannu, barci akwai nasa, kyanwar maƙwabta ma ya yi mata alama. Ni ce mai surutun gidan. Na yi shekara da shekaru ban buɗe baki a ɗakin nan ba sai in mai kawo ɗinki ta shigo, yanzu kuwa wuni nake ina zuba, ina yi wa zare faɗa, ina ba shi labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi ubansa.

Ya zame mini kunne kuma. In an buga ƙofa shi ke zuwa ya ja ni. Kwastomomi sun daina komawa suna cewa ba na nan.

Ki kwantar da hankalinki ki yi abin da ya kai ki.

Goggonki


Goggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da gwiwa. Ki riƙa shafa man nan da na bar miki, kada ki ajiye shi yana kallonki. Ni lafiyata ƙalau, sai dai mura da ta zaga ɗakin kwananmu ta bi kowa.

Goggo, na karanta wasiƙarki na yi dariya, sai da na kai wajen da kika ce bai ce uffan ba, dariyar ta tsaya. Yaron ya kusa shekara uku. A ɗakin renon yara na kwalejinmu, inda muke zuwa koyon aiki, sa'o'insa har gardama suke yi da ni.

Wannan zangon abin da ake koya mana ke nan, yadda yaro yake fara magana. Malamai biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Ɗaya tsoho ne mai yawan tari. Shi cewa yake yaro da tsarin harshe yake zuwa duniya, yana cikin kansa tun daga ciki, kamar yadda tafiya take cikin ƙafarsa. Ya ce mu duba, babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta koya masa wace kalma ce ke gaba wace ce ke baya, abin da yake ji ma guntu-guntu ne, rabin magana da tsawa da wasa, amma kafin ya shekara huɗu sai ka ji ya faɗi abin da bai taɓa ji a bakin kowa ba, kuma daidai. In na saurare shi sai in ji sanyi a raina. Na tuna da ke ma, na ce Goggo za ta ce an haife shi da ma'auninsa, yadi kawai yake jira.

Ɗayar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ita ta ce ko da me yaro ya zo, ba ya buɗewa shi kaɗai. Sai ya yi ƙara an juyo, ya nuna abu an faɗa masa sunansa, ya yi kuskure an maimaita masa daidai. Ta ce rediyo ba ya koya wa yaro magana, don rediyo ba ya amsawa. Ta kuma ce abin yana da lokacinsa, in ya wuce da wuya a kamo shi. Tun ranar da ta faɗi haka nake zama a aji jikina yana nan, hankalina yana bayan kujerarki.

Ga abin da nake tunani. 'Yan shekara ta biyu an yarda su kama ɗaki a waje, kuma ɗakin renon yana karɓar 'ya'yan ɗalibai. In na ɗauko shi zai wuni cikin yara, ya ji magana ta ko'ina. Gidanki shiru ne, Goggo, ke ma kin faɗa. Ban yanke komai ba, shawara nake nema.

'Yarki


Malama,

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya.

Na gode da karatun da kika yi mini. Ban san gidana ya yi wa ɗanki shiru ba. Ranar da kika shigo da shi a kafaɗa, idonki bai bushe da kukan mijinki ba, na kusa da ke duk sun ce gidajensu sun cika, ban ji kin tambayi ko nawa yana da hayaniya ba. Kakanki da babana uba ɗaya suke, ban manta ba, shi ya sa ban tsaya shawara da kowa ba.

Ɗanki ne. Duk ranar da kika ga dama ki zo, kayansa ba su da yawa.

Goggo


Goggona,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da mutanen gida kuna lafiya. Wannan ita ce ta uku da na aiko tun bayan taki, ban ji komai ba. Kullum in na fito daga aji sai na bi ta ofishin da ake ajiye wasiƙu, har matar da ke wurin ta fara girgiza mini kai tun daga nesa, don ta rage mini tafiya.

Wallahi Goggo ba abin da nake nufi ke nan ba. Na sake karanta abin da na rubuta a zuciyata, na ga yadda zai faɗo miki. Ban ce kin gaza ba. Kafin rasuwar babansa sau nawa ma muka taɓa haɗuwa, ni da ke? A wajen biki ne, ki ce "wannan 'yar wane ce ko?" in durƙusa in gaishe ki, shi ke nan. Amma ke kika buɗe ƙofa.

Tsoro ne ya sa ni, kuma in faɗa miki gaskiya har da kishi. A ɗakin reno akwai wata yarinya da ta fara haɗa kalma biyu a gabana. Ta ɗaga kofi ta ce "ruwa ƙare", na tafa mata, na ɗaga ta sama. Da uwarta ta zo ɗaukarta na ba ta labari, sai ta yi murmushi ta kau da kai, na ga idonta ya kawo ruwa. A hannuna abin ya faru, ita tana wajen aiki. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, 'yan ɗakinmu suna ta hirar jarrabawa, ni ina tunanin nawa a gaban wa zai fara.

Mu shida ne a ɗakin, amma sai in wuni ban yi maganar da ta wuce "miƙo mini bokiti" ba. Su yara ne, ba wadda ta taɓa aure, in na ambaci yaron sai su ce "ayya" su koma kan wayoyinsu. Kewa ta ishe ni, Goggo, ban da wanda zan gaya wa sai ke, ke kuma kin yi fushi.

Na je na samu tsohon malamin a ofishinsa. Ya ce yara da yawa suna jinkiri, kuma yaron da ya ƙirƙiro wa ruwa da barci da kyanwa alama da hannunsa ba kansa ne a rufe ba, harshe ne yake neman ƙofa. Ya ce a kai shi a duba kunnensa, in lafiya yake a ƙara masa lokaci. Na janye maganata. Ki bar shi a wajenki har in gama. Ki dai rubuto, ko layi ɗaya ne, ko faɗa ne.

'Yarki


'Yata,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jira. Lafiyarmu ƙalau ni da Maigida. Wasiƙunki duk sun iso, suna nan a ƙarƙashin gwangwanin maɓallai. Da farko fushi ne ya hana ni amsawa, ba zan ɓoye ba. Daga baya kuma wani abu ne daban, na rasa ta inda zan fara.

Akwai wata nas da nake ɗinka wa kayan aiki. Ta zo gwaji da hantsi, ta zauna a kan benci tana jira in gama kafa aljihu. Ina kan keke, na ɗago zan karɓi almakashi, sai na ga tana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Lafiya? Rigar ce ta ba ki dariya?"

Ta matso kusa da kunnena na dama, wanda nake cewa mai kyau, ta ce, "Hajiya, jikan nan naki ai lauya ne. Tun da na zauna bai yi shiru ba."

Na ce, "Wane jikan? Wannan ba ya magana."

Ta dube ni, ta daina dariyar. Ta ce in ci gaba da ɗinki kada in waiwaya, za ta riƙa faɗa mini abin da yake cewa. Na taka keke a hankali, idona a kan bakinta. Ta ce yana yi wa wani jan ƙyalle faɗa, wai "kai ba ka da kunya, tun safe kake wahalar da ni." Maganata ce, haka nake ce wa zare in ya tsinke. Ta ce ya ce kyanwa ta hau katanga za ta faɗo. Da na tsayar da keken don in ji da kaina, ta ce ya ce, "Keke ya gaji, ya yi barci." Wannan kam ban taɓa faɗa ba, ban san inda ya samo ta ba. Ki gaya wa tsohon malaminki ya ƙara ta a cikin hujjojinsa.

Ni kuwa ban ji komai ba, 'yata. Keken a tsaye, ɗakin tsit, yaro yana magana taku biyu a bayana, ban ji ko ɗigo ba. Mai zama shi kaɗai da me zai gwada kunnensa? Ina tsammanin jina yana nan inda na bar shi shekarun baya. Masu ɗinki sun saba ɗaga mini murya, ni kuma ina kallon bakinsu, sai na ɗauka ji nake yi.

Na ga nas ɗin tana nauyin baki. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Yana kiranki. Ya ce Goggo, ya jira. Ya sake cewa Goggo, ya jira. Sai ya sauya murya ya yi ta kauri, ya ce, na'am Maigida. Daga nan ya ci gaba da labarinsa."

Haka nake ce masa in ya ja mini zani. Ashe in ya kira daga baya bai samu amsa ba, sai ya ara muryata ya amsa wa kansa. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Kin tambaya a gaban wa zai fara. To ba a gaban kowa ba ne, a bayana ya fara, ke ba ki nan, ni kuma ina nan amma kamar ba na nan. Wannan abu ya yi mini ciwo irin wanda ban ji ba tun rasuwar marigayi.

Na waiwaya na dube shi, sai ya rufe baki ya yi mini alamar ruwa da hannu. Ya riga ya gane cewa Goggo da hannu ake yi mata magana. Yaron da bai kai uku ba ya gane abin da ni ban gane ba.

Na gwada gyarawa. Na juya keken ya fuskanci kwalinsa, haske ya koma bayana, na ɓata wuyan riga biyu. Ina kallon ɗan bakinsa yana motsi, ina kama ɗaya ina rasa biyar, in ce "haka ne, Maigida" ban san me na yarda da shi ba. Wata rana ya faɗi abu, na ce "madalla", sai ya fashe da kuka. Ashe yatsa ya matse a murfin akwati. Nas ta kai mu wajen likitan kunne, ya duba Maigida ya ce lafiya lau, ni kuma ya ce na'urar da ake sawa ba za ta yi mini wani abin kirki ba, abin ya yi nisa.

Malamarki mace ta yi gaskiya, duk da na ji haushinta ban san ta ba. Abin da ya zo da shi ya zo da shi, ya tsinci sauran a bakina da bakin masu ɗinki da na masu wucewa ta taga. Amma yanzu tambayoyi zai fara, kuma tambaya amsa take so. Kin janye maganarki, ni kuma na dawo da ita. Ki kama ɗakin nan, ki zo ki ɗauke shi. Kada ki ce za ki lallashe ni, in kika lallashe ni zan yarda, kuma bai kamata in yarda ba.

Na ɗinka masa riguna na zuwa makaranta, har da aljihu, don ya riƙa tara duwatsunsa.

Goggonki


Goggona,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mun iso lafiya, mun zauna. Ki yafe mini jinkirin, kwanakin farko ban san inda kaina yake ba. Ɗakin ƙarami ne, a saman wani kantin kayan gini, taga ɗaya tana kallon titi. Na sa masa kwalin ƙyallayen da kika cusa mana a mota a gindin tagar.

Ranar da na zo ɗaukarsa, a tasha kin ƙi tsayawa. Kin miƙo shi, kin gyara masa wuyan riga, kin juya. Ya bi bayanki da ido har motar ta karya kwana.

Yana magana, Goggo. Ban san yadda zan kwatanta miki muryarsa ba. Siririya ce, tana ɗan shaƙewa in ya yi sauri, amma kalmomin duk naki ne. Ranar farko a ɗakin reno ya dubi wani yaro da ya zubar da shayi ya ce, "Allah ya shirye ka, aikin ke nan kullum." Masu reno suka yi ta dariya, suna tambayata wace tsohuwa ce ta shiga jikinsa. Malamar nan ta zo ta zauna da shi, tsohon ma ya leƙo yana tari, kowa ya tafi yana cewa yaron ya tabbatar da maganarsa.

Ni ce dai har yanzu baƙuwa. In zai yi mini magana sai ya zo ya kama haɓata ya juyo da fuskata, ya buɗe baki sosai, a hankali, yana haɗawa da hannu. Na ce masa ina ji ko daga ina ya kira, bai yarda ba tukuna. In an buga ƙofa ya taso da gudu ya ja mini zani, ya tsaya yana jiran in yaba masa. Duk lokacin da ya yi haka sai in tuna ƙofarki, in ce yanzu wa yake gaya miki.

Jiya da la'asar ina wanke kwanuka, yana zaune a kwalinsa yana kallon titi. Wata babbar mota ta tsaya ana sauke buhunan siminti. Na ji ya ce, "Goggo." Ya jira. Na tsaya ina sauraron ko zai amsa wa kansa kamar yadda kika rubuta. Ya sake kira, ya jira. Bai sauya murya ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Goggo ba ta ji ba."

Duk karatun da na yi a kan maganar yara, babu wannan a ciki. Me zan gaya masa, Goggo?

'Yarki


'Yata,

Ina gaishe ku ke da Maigida. Lafiyata ƙalau, gwiwa tana nan da halinta.

Kada ƙofa ta dame ki, a buɗe nake barinta yanzu, na sa kujera ta tokare. Masu ɗinki suna shigowa, kyanwar maƙwabta ma ta samu hanya. Na mayar da keken inda yake a da, ya fuskanci taga. Wurin kwalin ne ban sa komai ba, na share na bar shi haka. Surutu kuwa ya ƙi barina, har yanzu ina yi wa zare faɗa, wani lokaci in waiwaya in ga ko an yi dariya.

Ki bar shi ya riƙa kama haɓarki, zai daina da kansa, kuma ranar da ya daina za ki ji babu daɗi. In ya kira ki daga baya, ko hannunki yana cikin kumfa, ki amsa kafin ya kira na biyu.

Maganar motar siminti kuma, ki zaunar da shi, ki kalli fuskarsa, ki karanta masa wannan layin da ƙarfi yadda nake faɗa. Ki ce wasiƙa ta kawo mini kiran, ya ɗan daɗe a hanya ne kawai. Ki ce Goggo ta ji, ta ce: na'am, Maigida.

Goggonki